Keken lantarki mai taya ɗaya yana rawa idan na yi birkin gaggawa

Assalamu alaikum. Ina hawa keken lantarki mai taya ɗaya, inci 16, a Rayfield nan Jos. Tafiya a miƙe lafiya lau, birkin gaggawa ne ya gagare ni.

Da yamma karnuka kan fito daga ƙofar gida a guje, ga masu tafiya a ƙasa a gefen titi, babu inda zan kauce. Da zarar na jingina baya da ƙarfi don in tsaya daga gudun kilomita 25 a awa, sai tayar ta fara rawa hagu da dama tsakanin ƙafafuna, tana ƙaruwa har sai na sassauta. Sassautawar kuwa ita ce haɗarin, tunda karen yana gabana. Ƙasa da kilomita 15 ba ta yi.

Na rage iskar taya daga PSI 40 zuwa 32, rawar ta ragu kaɗan amma keken ya yi nauyi a kwana. Na sake daidaita matakan ƙafa ta manhajar waya, na duba kusoshinsu, duk a ɗaure suke. Na gwada matse keken da gwiwoyi, abin ya ƙara lalacewa. Ba na cika batir tam kafin gangara, tunda cikakken batir kan kawo matsala wajen birki, don haka ba cikar caji ba ce. Ina rage gudu kusa da mutane, amma kare ba ya sallama kafin ya fito.

Don Allah, yaya ake ajiye ƙafafu da raba nauyin jiki lokacin birki mai ƙarfi don kada tayar ta yi rawa?