Neman shawara: HikariCP ya hana ni kaiwa ga COPY na PostgreSQL

Mai tambaya:

Assalamu alaikum ƴan uwa, a kama mini don Allah. Manhajar lissafin kaya ce nake rubuta wa wani ɗan kasuwa a nan Maraɗi, mai sito a cikin gari da Tasawa da Ɗan Isa. Java 17 ce da Spring Boot, rumbun bayanan kuma PostgreSQL. Ƙarshen kowane wata sai an loda fayil ɗin CSV na shige da ficen buhunan wake da gero, layi kusan 200,000. Da INSERT ɗaya bayan ɗaya nake yi, abin na jan lokaci, in rezo ya yanke a tsakiya sai a koma farko. An ce mini COPY, umarnin PostgreSQL mai zuba fayil gaba ɗaya cikin tebur, ya fi sauri, na rubuta haka:

`PGConnection pg = (PGConnection) dataSource.getConnection();`

Sai ya watso mini ClassCastException, wai HikariProxyConnection ba ya zama PGConnection. To ai direban PostgreSQL ne a ƙasa. Ya zan yi in kai gare shi? Ko in bar HikariCP, tafkin haɗin da ke ajiye haɗe-haɗe a buɗe yana ba da aro, in riƙa buɗe nawa da DriverManager?

Malamin Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bar tafkin. Abin da HikariCP ke miƙo maka ba ainihin haɗin direba ba ne, wuƙa ce cikin kube. Kuben shi ne HikariProxyConnection, an yi shi ne don in ka kira `close()` kada haɗin ya mutu, ya koma tafki wani ya ɗauka. Kuben `java.sql.Connection` kaɗai ya sani, shi ya sa tilasta shi ya zama PGConnection ba ya yiwuwa. Hanyar da aka tanada ita ce `unwrap`, tana nan tun JDBC 4.0 da ya zo tare da Java 6 a 2006:

```
try (Connection con = dataSource.getConnection();
     Reader r = Files.newBufferedReader(fayil, StandardCharsets.UTF_8)) {
    PGConnection pg = con.unwrap(PGConnection.class);
    long adadi = pg.getCopyAPI().copyIn(
        "COPY kaya_wucin_gadi FROM STDIN WITH (FORMAT csv, HEADER true)", r);
}
```

Ka lura `con` ne a cikin `try`, ba `pg` ba. Wanda aka ba ka shi za ka mayar. `copyIn` yana dawo da adadin layukan da suka shiga, ka gwada shi da adadin da ke cikin fayil.

Wani abu ƙarami: in Spring Initializr ne ya haɗa maka `pom.xml`, direban PostgreSQL yana zuwa da `scope` na `runtime`. Tunda kod ɗinka ya riga ya ga PGConnection, ka cire ke nan, amma wanda zai kwafi wannan ya sani sai ya cire layin kafin `import org.postgresql.PGConnection` ya wuce.

Ƴar Sabon Gari:

Malam ya faɗi hanya, bari in faɗi inda ake faɗawa rami. Suna biyu ne masu kama da juna. `PGConnection` mai manyan haruffa biyu, na `org.postgresql`, ba shi da `close()` sam, don haka ba za ka iya kashe haɗin da shi ba ko da kuskure. Shi za ka nema. Amma akwai `PgConnection` na `org.postgresql.jdbc`, da kuma `BaseConnection`, waɗannan suna da `close()`. Misalai da yawa suna rubuta `new CopyManager(con.unwrap(BaseConnection.class))`, mutum ya ga abu mai `close()` ya jefa shi cikin `try`.

In ka rufe na ciki ka manta da kube, tafkin yana nan yana lissafin cewa haɗin na hannunka. HikariCP haɗi 10 yake riƙewa in ba ka canza `maximumPoolSize` ba. Lodi na goma ya wuce, na sha ɗaya zai tsaya jiran daƙiƙa 30, sannan ya faɗi da saƙon "Connection is not available, request timed out". Manhajar duka ta tsaya, alhali sabar PostgreSQL lafiyarta lau. In kuwa ka rufe su biyun, tafkin zai tarar da mataccen haɗi, ya jefar ya buɗe sabo, amfanin tafkin ya tafi ke nan.

Kuma kada ka ajiye `pg` a wani wuri don amfanin gaba. Da zarar `con` ya koma, wani aiki na iya karɓar wannan haɗin, ku zama ku biyu kuna magana ta baki ɗaya. Guga ce ta rijiyar unguwa, ka ja ruwanka ka aje. Lokacin gwaji ka sa `leakDetectionThreshold` a 60000, duk haɗin da ya wuce minti ɗaya a waje zai rubuta maka wurin da aka ɗauke shi.

Mai tambaya:

Na gode Malam, na gode Yaya. `unwrap` ya wuce. Sai dai sabuwa ta ɓullo. Kod ɗin nawa yana da `@Transactional`, na ƙirƙiri teburin wucin gadi da JdbcTemplate, amma COPY ya ce teburin babu shi.

Malamin Ali Ɗan Sofo:

Gaskiyarsa, a haɗin da yake kai babu shi. Teburin wucin gadi na zaman da ya ƙirƙire shi ne kaɗai. Spring ya ɗauki haɗi ɗaya ya ɗaure wa tiranzakshan ɗinka, wato rukunin aikin da ko ya tabbata duka ko a soke shi duka, JdbcTemplate a kansa yake aiki. Kai kuma da ka kira `dataSource.getConnection()` da hannunka, haɗi na biyu aka ba ka. Ko teburin dindindin ne da matsalar tana nan ta wata fuska: COPY zai tabbata shi kaɗai, in sauran aikin ya faɗi aka yi `rollback`, layukansa suna nan daram.

Misalin da na ba ka a sama na wanda ba ya cikin tiranzakshan ɗin Spring ne. Kai ka yi shi ta JdbcTemplate:

```
jdbcTemplate.execute((ConnectionCallback<Long>) con -> {
    try {
        return con.unwrap(PGConnection.class).getCopyAPI().copyIn(sql, r);
    } catch (IOException e) {
        throw new UncheckedIOException(e);
    }
});
```

A nan ba ka rufe komai, Spring ne ya ɗauko shi zai mayar. Mai Hibernate kuma `session.doWork` ne ƙofarsa. Teburin ka ƙirƙire shi da `ON COMMIT DROP`. In ba haka ba, haɗin zai koma tafki da teburin a goye, lodi na gaba in ya faɗa kan wannan haɗin ya ce suna ya riga ya wanzu.

Ɗan Tibiri:

Akwai wani lahani da ba ya nuna kansa da wuri. Kuben nan ba don `close()` kaɗai aka yi shi ba, shi ne idon tafki. In ka canza `autoCommit` ko `readOnly` ko matakin keɓewar tiranzakshan ta hannun `con`, HikariCP yana rubutawa, ya mayar da su yadda suke kafin ya ba wani. Haka kuma yana rufe duk `Statement` da ka manta. Abin da ka yi ta haɗin ciki kuwa bai gani ba.

Ga inda yake ciwo. A ce `autoCommit` a kashe yake, ba ka cikin Spring, ka yi COPY ta `pg`, kuskure ya faru kafin `commit`. HikariCP yana yin `rollback` da kansa lokacin mayarwa ne in ya ga an gudanar da wani umarni ta kubensa. COPY bai bi ta nan ba, sai haɗin ya koma da tiranzakshan a buɗe. Za ka gan shi a `pg_stat_activity` da alamar "idle in transaction", yana riƙe da makullan tebur, kuma wanda ya karɓe shi na gaba in ya yi `commit` ya tabbatar da rabin aikinka. Don haka `commit` da `rollback` ka rubuta su da hannunka, kuma a kan `con`. Ta `pg` COPY kaɗai za ka yi, ka fito.

Ƴar Sabon Gari:

Fayil ɗin ma ka dube shi kafin ka zargi direba. Kwamfutocin nan namu yawanci Excel na Faransanci ne a kai, shi kuma da `;` yake raba gurabe, ba da waƙafi ba, domin waƙafi ya zama na adadi, 12,5 maimakon 12.5. Sai ka ƙara `DELIMITER ';'`. PostgreSQL ba zai karɓi 12,5 a gurbin `numeric` ba, shi ya sa ya fi kyau duk guraben teburin wucin gadi su zama `text`, ka gyara da `replace` lokacin kwashewa. CSV na yau da kullum na Excel ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai Ɗan Isa ya koma alamar tambaya. A ce wa masu sito su zaɓi "CSV UTF-8". Shi kuma yana sa wata ɓoyayyar alama ta baiti 3 a farkon fayil, amma tunda `HEADER true` yana tsallake layin farko, ba za ta dame ka ba.

COPY ba ya da `ON CONFLICT`, wato umarnin abin da za a yi in layi ya maimaita wanda ke cikin tebur. Layi ɗaya ya ɓaci, duka sun dawo. PostgreSQL 17 na 2024 ya kawo `ON_ERROR ignore`, sai dai na layin da ƙimarsa ta ƙi shiga nau'in gurbi ne, bai shafi maimaicin lamba ba. Ka zuba a wucin gadi, sannan `INSERT ... SELECT ... ON CONFLICT` zuwa teburin gaske. Nan ne maganin yankewar rezonka: in ya yanke babu abin da ya shiga, ka sake turawa ba tare da tsoron ninki ba.

Ɗan Gidan Runji:

Ni dai ina ganin kafin a zare wuƙa a gwada abu mai sauƙi. Ka sa `reWriteBatchedInserts=true` a adireshin JDBC, ka yi `batchUpdate` da layi 1000 a kowane zubi. Direban zai haɗe INSERT da yawa su tafi tare, ba `unwrap`, ba ɗaure kod ga PostgreSQL. COPY ya fi shi gudu, ban musa ba, amma lodin sau ɗaya a wata ne. In ka tsaya kan COPY, ka killace shi a aji ɗaya, ka fara da `con.isWrapperFor(PGConnection.class)`, domin gwajin da ke gudana kan H2, ƙaramin rumbun bayanan da ake gwaji da shi, zai faɗi a wurin `unwrap`.

Ga masu tura WAR cikin Tomcat kuma: in `unwrap` ya ƙi alhali komai daidai ne, a duba ko direban yana wuri biyu, `lib` na Tomcat da `WEB-INF/lib`. Suna ɗaya ne amma Java na ɗaukarsu aji biyu daban. A bar na Tomcat, a sa `provided` a Maven.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, COPY ya shiga ta JdbcTemplate, adadi ya yi daidai da fayil. Zan gwada ta Ɗan Gidan Runji ma in auna. Tambaya ta ƙarshe: ina son allon mai gida ya sabunta da kansa in lodi ya ƙare. Na ga `getNotifications` a PGConnection, in yi `unwrap` in saurara?

Ɗan Tibiri:

Wannan kam shi ne wurin DriverManager ɗin da ka ambata da farko. `LISTEN`, umarnin sauraron saƙon da `NOTIFY` ke aikowa, manne yake da zama ɗaya. In ka mayar da haɗin, saƙo zai riƙa zuwa inda ba mai karɓa, kuma bayan minti 30 na `maxLifetime` tafkin zai kashe haɗin. In ka riƙe shi har abada, ka cinye ɗaya cikin goma. Ka buɗe haɗi guda na musamman a wajen tafki, ka yi `LISTEN`, ka riƙa kiran `getNotifications(10000)` a zagaye. In ya yanke ka sake buɗewa ka sake `LISTEN`, sannan ka karanta tebur, domin saƙon da aka aiko ba ka nan ba a ajiye maka shi. Abin da `NOTIFY` ke ɗauka bai kai baiti 8000 ba, lambar lodin kaɗai za ka tura. In akwai PgBouncer, wani tafkin haɗi da ake sawa a gaban PostgreSQL, a tsakani yana aiki da tsarin tiranzakshan, wannan haɗin ya wuce shi kai tsaye zuwa 5432, ƙofar PostgreSQL, don `LISTEN` ba ya aiki ta cikinsa.