Wane suna za mu ba "malted chocolate chip cookies" da Hausa?

Mai gashi daga Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Ina gasa wannan abu a gida ina sayarwa, matan unguwa kuwa sai dai su ce "ba ni mai ɗigo-ɗigon nan". So nake in rubuta sunansa da Hausa a jikin leda. Ku taimaka.

Wata Hajiya daga Yakasai: 'Yata, ai girebar Turawa ce, ki rubuta haka ki huta.

Mai gashi: Hajiya, a gafarce ni, gireba daban take. Ita fulawa ce da mai da sukari, a barbaɗa riɗi, tana shiga baki ta ruguje. Wannan da bota da ƙwai ake kwaɓa shi, ya yi minti 10 zuwa 12 a obin mai zafin 180, gefe ya yi garas-garas, tsakiya da ɗan danƙo. Wadda ta saya don garar amarya da sunan gireba, wallahi dawo min da kayana za ta yi.

Wani malamin Hausa: A bar shi a biskit. Amurkawa ne ke cewa "cookie", sun aro daga Holanci, ma'anarsa ƙaramin kek. A Amurkan ma aka fara yin mai cakulan ɗin, a hannun Ruth Wakefield ta jihar Masacusets, a shekarun 1930. Inda aikin yake shi ne "malt". Hatsi ne ake jiƙawa ya tsira, a busar, a niƙa. Tsirowar ce ke juya sitacin cikinsa ya koma zaƙi. Su sha'ir suke tsirarwa, su haɗa da madara da alkama, irin garin Horlicks ke nan, Milo da Ovaltine ma akwai shi a ciki. To, me iyayenmu ke zubawa a kunun zaƙi?

Hajiya: Tsiro mana! Na shinkafa ko na dawa, a jiƙa a shanya a kan buhu a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har ya fito da farin gashi. Ashe abin da ake ta yi wa Turanci ke nan.

Mai gashi: Shi ya sa yake saurin yin ja a wuta, ga ƙanshi. Tsiro ya zauna. Saura "chips". Ƙwayoyin cakulan?

Wani ɗan kasuwar Singa: Haba Anti, a Kanon nan ki rubuta ƙwaya a jikin leda? Tsakuwa ma kada wanda ya kawo ta, ba mai sayen abinci da tsakuwa. Ki ce tsakin cakulan, kamar tsakin masara.

Malamin Hausa: A rubuce ya yi kama da tsakin raini, amma tunda cakulan na biye da shi ba mai ruɗewa. Biskit ɗin tsiro mai tsakin cakulan.

Mai gashi: Ya ɗan yi tsawo, Malam, amma ledar za ta ɗauka. A baki kuma "mai tsiro" ya isa. Hajiya, naki kyauta ne, a turo yaro bayan la'asar.