Kolbak cikin kolbak ya hana ni barci, a taimaka

Ɗan Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata makarantar kuɗi a nan Gombe ta ba ni aikin shafin duba sakamako. Mai makarantar aminin Baffana ne, ta hannunsa aikin ya zo, na karɓi rabin kuɗi har na sayi batirin sola, ga hutu ya ƙarato. Da Node.js (mai gudanar da JavaScript a sabar) da MySQL (rumbun bayanai) nake yi. In ɗauko ɗalibi, a cikin kolbak ɗinsa (umarnin da ke tashi in amsa ta dawo daga rumbun) in ɗauko aji, a cikin wannan darussa, sannan forEach, mai bin jeri ɗaya bayan ɗaya, ya nemo makin kowanne. Rubutun ya yi ta gangarawa dama har ya fice daga allo, maki kuma fanko yake fitowa. Na mayar da res.send, mai tura amsa ga mai duba shafin, cikin forEach, ya ce "Cannot set headers after they are sent to the client". Yanzu setTimeout, wato jinkirta tura amsar da daƙiƙa 2, ke riƙe da ni.

Ɗan Yelwa: Wa'alaikumussalam. Cire setTimeout ɗin nan yau, ranar da rumbun bayanai ya yi nauyi iyaye rabin maki za su gani. forEach ba ya jiran kowa, tura tambayoyi yake ya wuce, res.send ya tafi kafin amsa ta dawo. Da ka sa shi ciki kuwa, buƙata ɗaya kake amsawa sau adadin darussa. Koma mysql2/promise, ka yi async/await don jiran kowace amsa, da try/catch guda don kama kuskure, for...of a madadin forEach. Tun Node 7.6 a 2017 ake wannan.

'Yar Tunfure: Ni ba nan na ga matsalar ba. Aji mai ɗalibai 40, darussa 9, tambaya 360 ke nan. JOIN ɗaya, wato tambaya guda mai haɗa teburori, ya ishe ka, Malam.

Ɗan Bolari: Kai ka ma samu rabin kuɗinka. Ni na gama wa wani asibiti aiki tun kafin azumi, har yau "za mu neme ka".

Ɗan Yelwa: Hajiya, wanda bai gane jira ba, ko JOIN ya rubuta gobe zai sake faɗawa. Await tukuna.

Ɗan Pantami: Na gode Yallaɓai, amma duk sauran shafukan da kolbak na gina su kuma suna aiki lafiya. Ba zan rushe su ana saura mako ba. JOIN kuma teburin maki ba ni na tsara shi ba. Ba yadda za a yi in ƙirga amsoshin, in sun cika in tura?

'Yar Tunfure: Ana yi, amma in ɗaya ta dawo da kuskure ba ka kula ba, shafin zai yi ta juyawa. Turo tsarin teburin mu gani.

Ɗan Yelwa: util.promisify ma na nan, mai mayar da kolbak abin da await zai iya jira, shafi ɗaya kawai za ka taɓa.

Ɗan Pantami: An ɗauke wuta, zan duba da dare in sha Allah.