Doki ko mota a hamadar Namib?

Matafiyi: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Swakopmund a ƙasar Namibiya, inda yashin hamadar Namib yake gangarowa har bakin tekun Atlantika. Wanne ya fi dacewa da baƙo, doki ko mota?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Idan Sandwich Harbour, wani lungun teku da ke kudu da Swakopmund, kake son gani, sai da mota mai ƙarfin shiga yashi da ƙwararren jagora, domin ana rage iskar tayoyi kafin a hau tudun yashi, kuma hanyar bakin teku takan toshe idan ruwa ya cika.

Uwar Biyu: Malam, ni dai doki na fi so, domin ana bin busasshen kogin Swakop a natse. Ka riƙe rigar sanyi, saboda ruwan teku mai sanyi da ke gudana a gaɓar, wanda ake kira Benguela, yakan jawo hazo da safe.