Muhawara: Yaro ƙarami da waya, shin ƙiriniyarsa ta ishe shi motsa jiki?

Wata uwa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. A taron iyaye da malamai na makarantar 'yata, wata malama ta ce bai kamata yaron da bai kai shekara 5 ba ya wuce awa ɗaya a yini yana kallon waya ko talabijin, kuma wajibi ne iyaye su ware masa lokacin guje-guje. Ni dai ban gamsu ba. 'Yata mai shekara 3 a waya ta haddace Fatiha da wasu ƙananan surori, a waya ta koyi ƙirga da Turanci, kuma ban taɓa ganin ƙaramin yaron da sai an ce masa ya motsa ba, domin da ƙiriniyarsa aka haife shi. Ina neman ra'ayinku.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Malamar ba da ka ta yi magana ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, inda ta ce kada a ajiye jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin kwata-kwata, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya, idan ya gaza haka ma ya fi. Ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a warwatse cikin yini, kuma ga 'yan shekara 3 da 4, minti 60 daga ciki ya zama irin wasan da ke sa haki da gumi. Har ta ƙara da cewa kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, ko a keken jarirai, ko a kujera, ko a goye.

Wata kaka, Tudun Wada:
'Yata, maganar waya na yarda da ke, amma ta goyo ban karɓa ba. Yara takwas na goya, da su a bayana na yi daka, na yi wanki, kuma duk sun yi tafiya a kan lokaci. Kada a zo a raina mana abin da muka gada.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Inna, Allah ya ƙara girma, ba a hana goyo ba. Abin nufi shi ne a riƙa sauke yaro idan idonsa biyu, a shimfiɗa masa tabarma ya yi rub da ciki, ya yi rarrafe. Na tabbata haka kika yi wa naki, kuma da zarar sun yi wayo tsakar gida da ƙofar gida suka zama nasu, suna langa, suna ɓuya, suna gara taya har magariba.

Wani uba, Rigasa:
A nan ne nake ganin ana yi wa iyaye rashin adalci. Ciki da falo muke haya, tsakar gidan da muke tarayya da iyalai huɗu rijiya da igiyar shanya sun cinye shi, a waje kuma babura da Keke Napep ba sa ɗaga ƙafa. Tun bayan sace ɗaliban makaranta a ƙauyen Kuriga da ke jihar Kaduna a Maris na 2024, matata ba ta barin yaro ya leƙa ko zaure shi kaɗai, ko da yake mun san nan cikin gari ne. Idan tana girki a kan gawayi, wayar ce ke hana ɗanmu kusantar wuta. Wanda ke da fili a gidansa ba zai san wannan ba.

Malamin firamare, Kawo:
Yaya, uzurinka gaskiya ne, kuma ba zan ce ka saki yaro a titi ba. Amma uzurin nan naka shi ne yake rushe maganar Hajiya ta farko. Cewa yaro ba ya zama wuri ɗaya gaskiya ce a zamanin da babu abin da zai iya zaunar da shi, yanzu kuwa an samu. Na ga ɗan ƙanwata, wanda a da sai an bi shi da gudu kafin a yi masa wanka, yana kwance a kan kujera tun daga azahar har la'asar, wayar tana gab da hancinsa, ana kiran sunansa sau uku bai waiwaya ba, idan aka karɓe ta kuma ya yi ta birgima. A gidansu abin ya samo asali ne daga dokar kulle ta korona a 2020, lokacin da aka saba wa yayyensa da waya, shi kuma ya taso ya tarar.

Game da haddar, Hajiya, ina taya ki murna, amma ki lura cewa waya tana faɗa ne kawai, ba ta saurare. Ba ta gyara wa yarinya harafin da ta karkata, ba ta amsa tambayarta, alhali magana a bakin yaro tana nuna ne ta hanyar a ce masa ya ce, a yi masa tatsuniya ya tambayi inda Gizo ya tafi. Idan za ta kalla, ki zauna tare da ita, ku maimaita surar tare.

Wata uwa, Unguwar Rimi:
Malam, jiya na ƙirga saboda wannan muhawara. Daga dawowarta daga makaranta zuwa barci ta yi kusan awa huɗu da waya, kuma ba na jin karatu ya kai rabin awa a ciki, sauran duk katun ne. Wannan ya tayar mini da hankali. Duk da haka ina nan kan bakana cewa hanawa gaba ɗaya ba zai yiwu a gidana ba.

Wani uba, Rigasa:
Ni ma haka. Na yi magana da maƙwabcina, mun shirya bayan sallar la'asar ɗayanmu zai riƙa zama a ƙofar gida yana gadin yaran layi su buga ƙwallo zuwa magariba. Abin da ban samo wa mafita ba shi ne lokacin girkin rana, sa'adda ba na gida. Inna, ku da me kuke riƙe su a lokacin?