Abin da aka tattauna kan kare yara daga fyaɗe a Katsina

Ga abin da na tsinto daga maganganun 'yan'uwa:

1. Kusan kowa ya yarda: mai lalata yaro galibi na gida ne ko maƙwabci.
2. Talla ta fi tayar da ƙura. Wasu suka ce a hana. Wasu iyaye mata suka ce da farantin awarar nan ake cin tuwon dare. Aka tsaya kan kada yarinya ta shiga zaure ko kango, ta dawo kafin magariba.
3. Yaro in ya faɗa, kada a dake shi.
4. In abin ya faru, asibiti cikin awa 72 don maganin kariya daga ƙanjamau.
5. Sulhu gaban mai unguwa ko 'yan sanda? Nan aka rabu. Ni dai 'yan sanda.