Culture embryonnaire da Hausa: ni dai na tsaya kan "renon tayi"

Jama'a ku taya ni, akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya.

Ɗiyar gwaggona ta tahi Tunis ita da mijinta neman haihuwa, shekara tara da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai ta ɗauki hoton takardar labo ta turo wa uwarta a WhatsApp, ita kuma Gwaggo ba ta yi lakkol ba, ta aiko yaro in zo in karanta mata. Na iske ta bisa tabarma da tiren zogale a gaba ta bar tsinkewa, ido ya yi ja. Ashe kafin in iso jikanta ya sa layin farko cikin abin fassara na waya, inda aka rubuta culture embryonnaire, waya ta ce masa "al'adar tayi". Al'ada fa! Tsohuwa ta ji al'ada ta ji tayi, ta ce shi ke nan jini ya zo, ciki ya zube.

Na ce Gwaggo kwantar da hankalinki, ba a ma sa mata shi ba tukuna. Ta ce to yana ina? Na ce yana labo. Ta ce cikin kwalbar? Nan na yi shiru, don in na ce e na yi ƙarya, in na ce a'a ba ni da kalmar da zan miƙa mata.

Bari in faɗi me ake yi a wurin, don ba a raɗa wa abu suna ba a gan shi ba. Lokotoro na ciro ƙwayayen mace, a haɗa su da maniyyin mijinta cikin wani ɗan faranti na roba, in maniyyin ba ya da ƙarhi a ɗauki ƙwaya guda a soka ta cikin ƙwan da allura siririya, dabarar da aka fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Bayan awa 16 zuwa 18 a leƙa a ga wanne ya kama. Wanda ya kama ya fara rabuwa, kwana 2 ya zama ƙwaya huɗu, kwana 3 wajen takwas, kwana 4 ya cure wuri guda, kwana 5 ya yi ɗan kogon ruwa a ciki, ƙwayoyinsa sun kai ɗari ko sun wuce, kuma duk da haka bai kai tsabar gero ba ko kusa, sai da madubin labo ake ganinsa. Daga nan a mayar da shi mahaifa. Ke nan zaman da yake yi a waje kwana 3 ne zuwa 5, wani lokaci 6. Sauran wata taran duk cikin uwarsa ne, da laulayinta da kumburin ƙafarta kamar kowa.

Shi ya sa sunan "jaririn kwalba" da mutane ke kiran ɗan da aka samu ta wannan hanya ke ba ni haushi. Babu kwalba, faranti ne. Babu jariri a lokacin. Kuma mu nan in aka ce an sa yaro a kwalba kowa ya san bakwaini ake nufi, wanda aka haifa lokaci bai yi ba. Sannan ku tuna bakin yara a unguwa, yau ka ce ɗan kwalba cikin raha, gobe ya zama sunan da za a bi yaro da shi har makaranta. Ta farko da aka haifa ta wannan hanya, Louise Brown, 25 ga Yuli 1978 a Oldham ta Ingila, ita ma ta haihu da kanta ba tare da labo ba. A Faransa Amandine ce ta farko, 1982. Mutane ne kamar kowa.

Wani cikin masu sharhi ya ce to ai culture noma ne, a ce "noman tayi". Malam ka kusa amma ka wuce gona da iri. Noma akwai huɗa akwai girbi akwai kai wa kasuwa, ka ce wa mace ana noman ɗanta ka ga kallon da za ta yi maka. Wani ya ce "kiwo", shi ma dabba yake kawowa a rai.

Inda na samo tawa, lambu ne. Duk wanda ya taɓa zuwa Jiratawa lokacin rani ya san ba a shuka albasa ko tumatir kai tsaye. Ana yafa iri a ɗan fangali guda, a rufa masa ciyawa saboda rana, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan safe da marece, mai lambu na tsugune kansa kamar mai jinya, sai ya yi ƙwari a cire a kai shi inda zai zauna. Na farko reno, na biyu dashe. Kuma ba duk wanda aka yafa ke kai wa dashe ba, wani ya tsaya a hanya, haka ma a labo, ƙwai goma na iya komawa tayi uku ko biyu kafin kwana 5. Ga shi kuma reno kalmar ɗan Adam ce tun asali, ana renon ciki ana renon yaro, ba mai jin an wulaƙanta shi. Don haka: culture embryonnaire, renon tayi. Transfert, dashen tayi, wanda dama wasu na cewa dashe, sai dai suna kiran aikin gaba ɗaya da shi alhali shi ne mataki na ƙarshe.

In kun yarda da wannan sauran na biyowa da kansu. Milieu de culture, ruwan reno. Ba ruwan banza ba ne, haɗi ne na gishiri-gishiri da sinadaran gina jiki da abinci, an kwaikwayi ruwan da ke cikin bututun mahaifa, kuma abin mamaki tayin kwana biyu ba ya son sukari sosai, sai ya kusa kwana 5 yake buɗe baki gare shi, shi ya sa wasu labo ke canza ruwan a kwana na 3, wasu kuma su zuba mai haɗe da komai su bar shi ya zaɓa. Ɗigo ne ƙanana ake yi a faranti, a rufe su da wani mai don kada su ƙafe.

Incubateur ne aka yi ta ja. Masu kaji sun ce injin ƙyanƙyasa mana, ga shi muna da shi. Wata Hajiya ta ce mu ba kaji ba ne, kuma na ba ta gaskiya. Ko da yake, tsakani da Allah, tayin na fasa ɗan ɓawon da ke lulluɓe da shi wajen kwana 6 kafin ya manne a mahaifa, su kansu masu labo éclosion suke cewa, to a bar wa wannan matakin ƙyanƙyasa. Shi akwatin kuwa, akwatin reno. Aikinsa ya riƙe ɗumi a digiri 37 daidai na jikin mutum, cikin duhu, da iskar carbon kashi 5 zuwa 6, a rage oksijin zuwa kashi 5 maimakon kusan 21 da muke shaƙa, tunda cikin jikin mace ma ba ta da yawa. Kowane buɗe ƙofa na ɓata wannan lissafi, don haka sababbin akwatuna kyamara ce a ciki tana ɗaukar hoto bayan ƴan mintoci, a kalla a kwamfuta ba a taɓa shi ba. Da na karanta wannan sai na tuna zafin Afrilu da ɗaukewar kuran, na ce duk mai son buɗe irin wannan labo a garin nan gurup zai fara saye kafin madubi.

Wani malami ya ja ni kan "tayi", ya ce a matakan halitta da Alƙur'ani ya ambata, abin da bai kai alaƙa (gudan jini) ba balle mudga (tsoka), nuɗfa (ɗigon maniyyi) ce har yanzu. Allah gafarta Malam, a wa'azi na yarda, amma in na ce wa Gwaggo renon nuɗfa sai na sake wata fassarar. Tayi kowa ya san shi. Kuma tunda an taɓo addini, muftin Masar Shaikh Jadul Haƙ ya ba da fatawa tun 1980 cewa ya halatta in ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, suna cikin aure.

Na koma na ce wa Gwaggo ana reno ne, jibi za a yi dashe. Ta gane nan take, ta jawo tirenta. Sai ta ce guda nawa za a dasa, na ce ɗaya, ta ce sauran fa? Na ce za a daskarar da su a ajiye cikin wani ruwa mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, har shekaru, in ana son ƙane a ɗauko. Ta ce kamar kifin firiza? To ga ta nan, vitrification. "Daskarewa" ta kai ni ga kifi, "ajiyar sanyi" ta yi mini kama da ciwon sanyi. Wa ke da wata?